Garken Ƙarfe

Maganin ido na zo saye Damagaram,
ɗan kabu-kabu ya ce, "Baba, ka ga gidan Tankari?"
Bayan Zango, a gindin wani dutse,
dala ashirin kuɗin shiga, shayi kyauta.

Ga su nan kamar raƙuman da suka gurfana:
Barliye mai faɗin goshi da ta ci hanyar Agadas,
Landiroba da kaza ta yi ƙwai a kujerarta,
kat-san-kat fara, ido ɗaya, irina.

Tankari na shafa su da bakin riga,
yana kiran kowace da sunan yanka.
"Wannan gyaɗa ta yi dako daga Matamai,
shekarar da buhu ya fi mutum daraja."

Na zaga bayanta. Ƙarfen yana nan
inda nake lilo ina yaron mota,
ƙafa ɗaya a iska,
Ɗanjimma direba na zagina ta madubi.

Ban gaya wa Tankari ba.
Na dai roƙa in danna oda.
Shiru.
Wai batir ya mutu tun ba a haifi yaron nan ba
da ke jirana a ƙofa, yana latsa waya.