Waya Biyu

A Montalegre, bayan rumbun dankalin Baba,
akwai ƴar motar da ba a haife ta mota ba.
Zuciyarta ta babur ce, babur ɗin yayana Telmo.
Da takardar aikinsa ta iso daga Luksambur,
Baba ya ce ƙarfe ba ya son zaman jira.
Ya walda mata haƙarƙari da bututu, ya ba ta ƙafa huɗu,
Telmo ya haɗa wayoyin a daren sallama,
yana hamma, jakarsa a bakin ƙofa.

In tana tsaye, lafiyarta ƙalau.
Sai ta wuni tana gurnani a ƙofar gareji
allurar zafi ko gezau.
Amma ka nufi tudun Larouco da ita,
kafin kwana ta uku allura ta taɓa ja,
lagireto na tsaki,
tururi na warin sukarin da ya ƙone.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Baba.
Benedita, miƙo sifana.

Muka fara da murfi. Robarsa ba ta tsage ba.
Muka matsa tiyon sama, muka matsa na ƙasa,
kamar masu taɓa cikin jariri mai kumburi.
Muka ɗaga gabanta a kan kututture
don iskar da ta maƙale ta yi gyatsa ta fito.
Ta yi gyatsa. Muka hau tudu. Ta tafasa.

Baba ya ciro tamostat,
ya jefa shi a tukunyar miyar Inna, Inna na coci.
Muka tsaya a kansa kamar masu jiran haihuwa,
da ruwa ya ɗau zafi ya buɗe baki sarai.
Ba shi da laifi.
Miyar daren nan dai ta yi ɗanɗanon tsatsa,
ba wanda ya tanka.

Saura abin da Baba ke tsoro.
Ya zaro sandar gwajin mai a hankali,
ya kai ta bakin taga.
Da gaskit ya ƙone, da man ya koma kamar shayi da madara.
Baƙi ne wuluk. Ya share a wandonsa,
ya zauna a kan taya, bai yi murna ba.
Ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin jinya.

Sati uku ke nan.
Ranar Asabar kaka Idalina ta zauna a inuwar gareji
tana figar kaza.
Injin na aiki, fanka ta tashi.
Wani ɗan gashi fari ya taso daga cinyarta,
ya yi lilo, ya zo gaban lagireto.
Na zuba ido in ga an zuƙe shi ya manne.
Sai aka tunkuɗo shi waje.
Ya dawo, aka sake korar sa,
har ya sauka a kan takalmina.

Baba, na ce, fankar nan hurawa take, ba ja ba.

Ya sa tafin hannu a gaban raga.
Ya daɗe a haka.
Ana zaton wuta a maƙera.
Ashe duk hawan da muke yi,
iskar hanya na neman shiga, fanka na tare ƙofa,
su biyun suna dambe, injin na gasuwa a bayansu.

Waya biyu ce, ja da baƙa,
kowacce a gurbin ƴar'uwarta.
Gyaran bai kai tsawon shan kofi ba.

Da yamma muka kai ƙololuwar Larouco,
allura na kwance a tsakiya kamar kyanwa.
Daga can na kira Telmo.
Ya yi dariya har da tari,
sannan ya yi shiru, ina jin motocin wata ƙasa a bayansa.
Ya ce, a daren nan idona ba ya gani sosai.

Baba ya karɓi wayar.
Ya ce, kazar kakarka ce ta gano ka.
In ka zo a Agusta kai za ka tuƙa.