Allurar Da Ba Tawa Ba

Ni tela ne a Aboabo.
Shekara ashirin da biyu ina wasa da allura,
amma ranar da nas ta ɓare tata a asibitin Gi
Barira ta shige ƙarƙashin gado,
ni kuma na tsaya ina kallon fanka.

Na ce, fito, babu zafi.
Ta ce, Baaba, jiya ma haka ka ce.

Sai ga wata mata, ba farar riga,
jaka kawai mai tsinkakken hannu.
Anti Konadu. Ta zauna a siminti, ta leƙa,
da Hausarta ta kasuwa mai ƙamshin Tonanci
ta ce: ina da mara lafiya, ba ni da likita.

'Yar tsana ce, idonta maɓalli,
ɗinkin wuyanta ya karkace.
Da yaron shagona ne ya yi shi, da ya sha faɗa.
Barira ta ɗaure mata dantse da roba,
ta lalubi jijiya, ta goga auduga,
ta ce, za ta yi kuka?
"Wataƙila. Cizon cinnaka ne, kafin a ƙirga goma ya wuce.
Kuka ba laifi ba ne.
Aikinta ɗaya: kada hannun ya motsa."

Da aka zo kan nata, aka ce ta zaɓa,
hagu ko dama, ta kalla ko ta hura kumfa.
Ta kalla. Ta yi kuka har bakwai.
Hannun bai motsa ba.

A baranda matar ta tare ni.
"Idan ka ƙarar da gaskiyarka a kan allura,
me za ta riƙe ranar tiyata?"
Kunya ta hana ni magana.
Sai ta ce, ƙaninta fa, yana cin abinci?
Ashe Ilyasu ya ɗauka
turewar da ya yi mata daga benci ce ta ruɓar da ƙashin.
Gida ɗaya muke kwana, ban sani ba.
Ta zana ƙashi a bayan katin magani,
ta ɗiga ƙwayar cutar da jan biro,
ta ce in kai masa.

Talata da asuba suka gungura gadon.
Barira ta cusa mini 'yar tsanar:
riƙe ta, tsoro take ji, ka ƙirga mata.

Na ƙirga goma.
Na ƙirga goma sau babu adadi.
Da carbi ya gaji da ni
na zaro allura daga hulata,
na warware wuyan nan, na ɗinke shi daidai.

Yanzu tana ɗingisa zuwa makaranta da sanda.
Ƙyallayen shago na daina sharewa,
na haɗa goma sha ɗaya, ta sha biyu saura ido.
Jakar kuwa, ta hana ni taɓawa,
wai da tsinkakken hannun yara ke gane ta daga nesa.