Kalma Ɗari Biyar

Sun ce in faɗi dalilina
cikin kalma ɗari biyar,
kada in ɗara ko da ɗaya.

Ina ɗakin haya a Khulna,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
mai shayi a ƙasa yana kankare tukunya,
ni kuma ina goge jimlar farko
karo na goma sha ɗaya.

Me zan ce wa mutanen Holan?
Cewa gonar babana Mokbul ta yi furfura tun kafin shi?
Cewa shekarar da teku ya ƙetare madatsa
ya shigo mana ba sallama,
shinkafa ta tsaya iya gwiwa, ta ƙi gaba,
Baba ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana,
ya tofar,
bai ƙara magana ba har aka kira isha'i?

Haka na rubuta.
Rubina, da ta riga ni tafiya, ta ce ta waya:
“Tanzila, ba kuka suke nema ba.
Ce musu kina da sha'awar nazarin gishiri a ƙasar noma.”
Sha'awa.
To. Na rubuta sha'awa.

Sau huɗu ina hawa benen Farfesa Biswas
don wasiƙar shaida.
Gobe. Jibi. Bayan taro.
Rana ta biyar, ko kai bai ɗaga ba:
“Rubuto da kanki, in sa hannu.”
Yabon kai jahilci, in ji manya,
ga ni cikin dare ina kiran kaina haziƙa
da muryar dattijon da ya manta sunana.

Jarrabawar Turanci ta cinye kuɗin buhu shida.
Wata mata cikin abin kunne
tana sayen tikitin gidan tarihi,
aka tambaye ni nawa ta biya.
Na sani. Lissafin kuɗi ba ya wuce ni.

Sai takardar banki.
Kawu Shafiqul ya zuba kuɗi a asusuna,
kwana talatin, in ji shi, ko taka ɗaya kar ta yi ciwon kai.
Jatan lande yake kiwo
a ruwan gishirin da ya kashe mana gona.
Na san zanen aro ba ya rufe katara,
amma na ɗaura,
na tsaya gaban ma'aikacin banki ina murmushi
har ya buga hatimi.

Ƙofa za ta rufe sha biyun darensu,
huɗun asubarmu.
Uku da rabi aka ɗauke wuta.
Na jona kwamfuta da waya,
na fita baranda inda layi ya fi ƙarfi,
sauro na karɓar nasa kuɗin rajista.
Hoton fasfo ya yi nauyi. Na rage.
Ya yi duhu. Na sake.
Saura minti tara na danna.

Ba a yi guɗa ba.
Layi ɗaya ne ya fito: mun karɓa,
amsa bayan mako goma.

Da gari ya waye na kira gida.
Inna tana tsince ƙananan kifi, ina jin ƙarar faranti.
Ta ce, “An ce ƙasar tasu ma teku ya fi ta tudu?”
Na ce haka ne.
“Kuma suna noma?”
Na ce suna yi.
Ta yi shiru. Kaza ta wuce ta cikin wayar.
“To ki tambayo su yadda suka yi.
Ga babanki.”

Baba ya karɓa, ya yi gyaran murya.
Ya tambaye ni ko na karya.