Gurbin da Malama Tabita Ta Bari

Ajin manya, Kakuri, bayan La'asar.
Bencin yara ne, gwiwata na dukan tebur.
Malama Tabita ta rubuta jimla a allo,
ta bar gurbi a tsakiya
kamar giɓin haƙorin gaba:
kafin ƙarshen baɗi, ni da gama ginin ɗakina.
Ta ce da Turanci za ku cike,
ko wil haf, ko wud haf.
Ɗaya za a ɗauka. Minti biyar.

Ni da na yi shekara goma sha tara
kunnena a jikin injin saƙa,
ina gane zaren da zai tsinke tun bai tsinke ba,
yau ga ni da biro a hannu,
kalma biyu sun tsare ni
kamar masu duba takardu a bakin gada.

Ta yi bayani, garin alli na zuba a zanenta.
Na farko, in ji ta, ka tsallake yau
ka tsaya can gaba, ka waiwayo,
ka ga aiki a kammale,
kwano a sama, ƙofa a kafe.
Na biyu kuwa da jela yake tafe,
akwai "da a ce" laɓe a bayansa,
abin da ya so yiwuwa, wani abu ya sha gabansa.

Sai na yi dariya ni kaɗai.
Malama, ai na biyun ɗan unguwarmu ne.
Kullum yana teburin mai shayi
ƙarƙashin dalbejiya, daura da ƙofar masaƙa,
inda ciyawa ta cinye wurin ajiye kekuna.
Gambo ya iya shi, bai shiga aji ba:
da ba a rufe ba, da yanzu ni heluma ne,
da an biya mu haƙƙinmu, da na sayi bas.
Da, da, da,
kamar rufi mai yoyo a kan bokiti.
Shekara da shekaru muna shan shayi da shi,
bai taɓa biyan ko kofi ɗaya ba.

Wud haf na sani, har warin rigarsa.
Wil haf ne baƙo.

Na rufe ido na yi lissafi.
Bulo ɗari uku da arba'in a filina na Nasarawa,
ruwan bara ya ci bakin goma sha biyu.
Adashina zai fito a Maris.
Birkila ya ce zai yi mini haƙuri da rabin lada.
Amma gwiwar nan.
Amma kuɗin siminti
mai tashi kamar kogin Kaduna a Agusta.
Amma makarantar Uwani.
Kowane amma yana jan hannuna zuwa wud.

Na ɗaga yatsa.
Malama, in mutum ba shi da tabbas fa?
Ta ce Baba Mati, nahawu bai tambaye ka tabbas ba.
Dubi jimlar. An sa rana?
An sa.
An sa sharaɗi?
Ba a sa ba.
To kai ka zo da shi daga gida.

Yaran bayana suka ƙyalƙyale,
ni ma na taya su, kunnena da zafi.

Na rubuta wil haf,
na danna har biro ya huda takarda.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen ajami,
inda babu maki,
na ƙara in Allah ya yarda.
Ta gani. Ta ja jan biro a kan Turancin,
ta bar mini ajamina yadda yake.

Da muka tashi Gambo ya ƙwala kira,
wai shayi ya yi, an zuba nawa.
Na ɗaga masa hannu ban tsaya ba.
Mai siminti ƙarfe bakwai yake rufewa.