Ɗan Aiken da Ke Dawowa da Wuri

A Rafindadi, bayan la'asar,
na ɗaura wa Baba Dankaka abin awo a damtse.
Shekara arba'in yana ban ruwan kabeji a Ajiwa,
yau ni ce ke sauraron ruwan jikinsa.

Ɗari da saba'in a sama,
saba'in a ƙasa.
Ya ce, "Hurera, wannan rata fa?
Kamar kuɗin taki da aljihun manomi."

Na ce, Baba, ka tuna tiyon nan baƙi
da ka ɗauko kasuwar Charanchi a bayan keke?
Inji ya tura, shi ya kumbura ya saɓa,
ya karɓi dukan ya riƙe,
sannan ya sake shi sannu,
kamar maƙogwaron raƙumi a bakin kwarkwaro.
Haka jijiyarka take sanda ka auri Inna.

Kuma abin da nake ji a yatsana
ba jinin ba ne da kansa.
Girgiza igiyar guga daga bakin rijiya:
motsi ya kai ƙasa,
igiya tana nan hannunka.
Jini yana bin hanya da kayansa a ka,
bugun ya riga shi,
yana bin bango yana sanarwa.

Inda hanya ta rabu,
wajen ƙugu, wajen ƙoda, can cikin sangali,
sai wani sashe ya juyo gida.
A jikin yaro ɗan aiken nan yana da ladabi:
yakan iso bayan zuciya ta tura ƙyaure,
ta zauna hutun ƙiftawar ido,
ya miƙa mata nata rabon,
don ita ma mai rabo tana jin yunwa.

To, rana ta daki tiyo.
Shekara ta bi shekara, gishiri ya bi miya,
roba ta koma kara.
Abin da ba ya lanƙwasa ba ya jinkirta saƙo.
Yanzu ɗan aike ya je ya dawo
zuciya ba ta rufe baki ba,
su yi karo a soro,
ita tana turawa, shi yana turowa.
Wannan karon shi ne ɗari da saba'in ɗinka.

Ya yi shiru.
Ya kira Zinatu daga gindin turmi,
ya kama wuyan hannunta da yatsu masu kanta,
ya rufe ido kamar mai zaɓen kankana.
Ya saki, ya kama nasa.

"Nata sallama yake yi," in ji shi,
"nawa bugun ƙofar mai bin bashi.
Ashe ƙarya aka yi mani.
An ce tsufa nawa ne.
Ƙafa ce kawai ta rage sauri,
ciki kuwa gudu ake."

Na ƙirga masa ƙwayoyi cikin murfin kwano.
Na ce a rage dunƙule, a rage kanwa,
a taka zuwa Ƙofar Guga da safe ko sau uku a mako.
Ya ce kanwar dai a sake shawara.

Da dare, bayan an kashe fitila,
na ɗora yatsa biyu a nawa wuyan.
Arba'in da shida.
Ban iya cewa ko ya fara sauri ba.
Na daɗe ina saurare.

Da asuba na ji ana jan wani abu a tsakar gida.
Shi ne, da tsohon tiyon,
yana naɗe shi daga kan katanga
zuwa ƙarƙashin darbejiya.
Bai ɗago ba ya ce,
"Ba ya komawa sabo, na sani.
Amma in an raba shi da rana,
in ba a buɗe masa inji duka ba,
yana kai wani ranin."