Littafin Mai Shagon Tayil

Ranar da muka sauke kwantena ta uku
a shagon tayil da ke bayan Asafo,
Mista Ceng ya zaro littafi daga ƙasan rasidai,
ya kaɗe ƙurar siminti da gefen hannu,
ya ce in kai wa 'yata.
Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "gobe" ba,
sauran da yatsa muke ƙarasawa.

Rubutun ciki kamar sawun kaji a kan laka.
Na juya shi sama, na juya shi ƙasa,
ban ga ƙofar shiga ba.
Zuwaira ta ce, Baba, ƙyale rubutun, ga mutane.

Daren nan an ɗauke wuta a Aboabo.
Muka jingina tocila da gwangwanin madara.
Shafin farko ja wur:
ƙofa ja, riga ja,
fitilu a rataye kamar tumatir ɗin Kejetia.
Yara na karɓar jar ambulan da hannu biyu.
Ta ce, ai goron salla ne,
sai dai su suna rufa wa kuɗi asiri,
ba kamar Kawu Muntari ba
mai ɗaga sidi biyu sai duk layi ya shaida.

Ga dodo mai ƙaho da gemu, baki wangame.
Na zaci za ta tsorata.
Sai ta kai yatsa ƙarƙashinsa tana ƙirga ƙafafu:
Mutane ne a ciki, ga ma mai yagaggen takalmi.
Abincin da suke naɗewa kuwa
ta raɗa masa suna, ɗanwake mai riga.

Kafin mako ya zagayo
littafi ɗaya, kawuna tara.
Har da Akosuwa, 'yar mai koko,
da Fusaini da ba ya zama ko a makaranta.
Abin da muka kasa, in ɗauka in kai shago,
in dawo da amsa cikin aljihu kamar canji:
wai sabuwar shekara tsohon dodo ke fitowa,
ja yake tsoro, da ƙara.
Fusaini ya ce, to ya zo Zongo ya ji ƙara.

A shafin da suke share kaburbura da tsintsiya
bakin Fusaini ya mutu.
Innarsa tana Tafo tun damina.
Ba wanda ya ce a buɗe gaba.

Can ƙarshe ga farin wata ya cika taga,
ga tebur, ga waina mai tambari a ka.
Kujera shida, mutum biyar.
A kan ta shidan wani ya yi zane da fensir,
ɗan mutum mai tabarau, kai ya fi jiki.
Zuwaira ta ce, wannan ba mai littafi ya zana ba.

Na kai tambayar shago.
Yana danna lissafi, yatsan ya tsaya.
Ya buɗe waya ya nuna mini budurwa
da ta ɗara uwarta tsayi.
Ya auna ƙasa da tafi, daidai ƙugunsa:
haka take ranar da ta cusa masa littafin a jaka.
Sannan ya ɗaga yatsu, biyar da huɗu,
ya gyara tabarau.

Da watan ya cika
Zuwaira ta sa uwarta ta toya waina shida,
ta naɗe cikin jar takardar kwalin shayi.
Na same shi zaune kan tarin tayil.
Ya miƙe, ya goge hannu a wando,
ya karɓa da hannu biyu
kamar yaran shafin farko.

Bai ce komai ba, sai "gobe".
Mota ta yi oda a waje,
muka koma dako.