Direban Littattafai

Shekara talatin da ɗaya Piyasena yana tuƙa
farar motar da ta daina zama fara,
daga babban ɗakin karatu na gindin dutse
zuwa rassa biyar: na likitanci, na noma,
na injiniyoyi can ƙetaren kogi,
da ƙanana biyu da ba ya leƙawa sai Laraba.

Bai taɓa karanta ɗaya har ƙarshe ba.
Da kafaɗa ya san su.
Na likitoci su ne masu karya ƙugu.
Na lissafi sirara, amma ba a mayar da su da wuri.
Na noma kan dawo da ƙasa tsakanin shafuka,
wani lokaci har da busasshen ganyen shayi
daidai inda barci ya sace mai karatu.

An ce da ɗaki guda aka fara:
akwati goma sha biyu na wani tsohon alƙali
da 'ya'yansa suka rasa inda za su kai,
da fitilar ƙwai, da magatakarda mai tari.
Piyasena bai ga wannan ba. Abin da ya gani
shi ne shekarar da kogi ya hau gada,
ya shiga ɗakin ƙasa har gwiwa,
ɗalibai suka jeru a matakala cikin duhu
suna miƙa wa juna jiƙaƙƙun mujallu
kamar masu kashe gobara, sai dai ruwan suke gudu.
Mako uku ana shanya ilimi a kan igiya,
birai na kan rufi suna kallo.

A bene na uku akwai ɗakin da ba a shiga da takalmi.
Nan Kusumalata ke zama da ganyen giginya
da aka rubuta da tsinken ƙarfe
tun kakan kakanta bai yi haƙori ba.
Takan shafa mai da garin gawayi, ta goge da tsumma,
sai baƙaƙen da suka ɓuya su fito
kamar tururuwa bayan ruwa:
maganin saran maciji, lissafin taurari,
bashin shinkafar wani da ba a biya ba har yau.
Waɗannan ba sa hawa mota.
Sau ɗaya ya roƙa ya ɗaga guda. Ta ce, wanke hannu.
Bai kai nauyin ayaba biyu ba.

Akwatunan kati kuwa an kwashe su bara waccan,
wani mai shago a kasuwa yana zuba ƙusoshi a ciki.
Yanzu na'ura ke faɗin inda littafi yake.
Wani littafin ma ba shi da jiki,
ta waya yake zuwa da tsakar dare,
bai san akwai direba ba.
Kaya sun ragu. Mota ta daina kuka a hawan tudu.

Saura Juma'a.
Juma'a akwai Thevaki, 'yar aji uku a karatun lauya,
wadda da yatsu take karatu.
Littafinta ɗaya yakan zama kundi tara,
kowanne kamar matashin kai,
daga babban birni ake aro su, su kwana a jirgin ƙasa.

Yau ce ranarsa ta ƙarshe.
Ƙarfe biyar zai miƙa makulli, an sayo kek, an ɓoye masa agogo.
Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.
Ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓe kundin,
ya hau matakala a jiƙe, yana haki.

Ta aza yatsu a bango, ta bi layin farko.
Ta ce, Kawu, wannan na huɗu ne.
Na uku nake jira, jarrabawa Litinin.

Ya dubi agogon bango: biyar saura kwata.
Ya dubi gada ta taga, ruwa na lasar gefenta.
Ya ce, kada ki tashi.

A babban ɗakin karatu shayi ya huce,
ana ta tambayar ina ya tsaya.